Tiken balo ya fi albashin wata, mu ma an ƙara mana dala 10 a gidan kallo: wa ke cin kuɗin nan ne?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son balo. Ina da tambaya amma ku yi haƙuri sai na ɗan zagaya kafin in iso gare ta.

Lahadin da ta wuce na je gidan kallon unguwarmu kamar kullum, na miƙa dala 20, yaron ƙofa ya ce min yanzu dala 30 ne, in kuma daren Champions ne ko klasiko, wato Barça da Real, dala 40. Na ce tun yaushe, ya ce tun jiya megida ya ce. Ko a allon da suke rubuta maci da alli ba su rubuta ba. Na biya dan saura minti 10 a fara kuma ba zan koma gida in zauna ina jin ihun mutane daga nesa ba, amma wlh raina ya ɓaci.

Da na dawo sai ga saƙon ɗan wan babana da ke aiki a Ingila, ya turo min hoton tiken da ya saya zai je istad karon farko tun da ya je ƙasar, shekara 4 kenan yana tara niyya. Da ya yi min bayani sai na manta da tawa dala 10. Wai da farko sai ka yanki katin memba na shekara, ba katin shiga ba ne fa, katin da zai ba ka izinin shiga layi ne kawai, sannan ranar da aka buɗe saidawa ka zauna gaban waya kana kallon lamba tana raguwa mutum dubbai na gabanka, in Allah ya sa ka iso da sauran kujera ka zaɓa, ka zo biya sai ka ga kuɗin ya ƙaru a ƙasa an rubuta wai kuɗin bukin. Na ce masa bukin wa, aure ko suna? Ya ce a'a kuɗin riƙe maka wuri ne. Kuma tiken ba takarda ba ne balle a ce an buga an kawo maka gida, cikin wayarka yake sauka, da kiredinka, da cajinka.

Ni dai abin da na sani, in ka je kasuwar dabbobi dillali na karɓar la'ada ne saboda ya tsaya tsakaninku, ya san mai rago, in ragon na sata ne shi za a kama. To nan mai kaya shi ne dillalin kansa, ya saida maka kuma ya karɓi la'ada a hannunka. Wannan wane irin ciniki ne?

Kuma ina bin labarin ekif ɗina Man U, a ƙarshen 2024 suka mai da tiken da ya rage fam 66, ba ragi ga yaro ba ragi ga tsoho. Na buga a waya ya ba ni wajen jika 50, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Minti 90 fa. To tambayata, mutanen da ke samun kuɗin tele daga duniya gaba ɗaya har da dala 20 ɗinmu ta Damagaram, suna sayen ɗan wasa miliyan 80 ya zauna benci, mi ya kai su aljihun talakan da ke zuwa istad? Kuma wannan ƙarin da aka yi mana nan, yana da alaƙa da wancan ne ko dai megidan kallon ne ya ga mun saba?

Blues har abada

Hhhh ɗan Man U na kukan kuɗi. Abokina ba tsadar tiken ba ce matsalarku, abin da ake nuna muku bayan kun biya shi ne matsalar. Ku da kuka ɗauko Antony daga Ajax sama da fam miliyan 80 yana juyi kamar fanka, ai dole wani ya biya kuɗin kuran.

Ɗan Zango

Kai ka yi shiru dan Allah. Ku 'yan Chelsea da kuka kashe sama da fam biliyan 1 tun da Boehly ya saye ku a 2022, Enzo miliyan 106, Caicedo miliyan 115, Mudryk kwantiragin shekara 8 da rabi kamar an ba shi gadon gona. Yau ba ranar gardama ba ce, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Mai gidan kallo, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Zango ba gidana ka je ba amma maganar ta shafe ni dan ni ma na ƙara, kuma tun da na ƙara ake kallona a unguwa kamar ni na saye Caicedo.

Bari in buɗe maka littafina. Kowane ƙarshen wata sai na sabunta abonema, kuma ba ƙaramin buke ba dan ƙaramin ba ya kawo manyan maci, dekoda biyu gare ni saboda ranar Asabar in ka sa maci ɗaya rabin ɗaki zai tashi, ga hayar fili, ga fatanti, ga yaron ƙofa, ga benci da ake karya min duk ranar da aka ci buti a minti na 90. Sannan babban abin shi ne guruf. In aka ɗauke kuran ana tsakar wasa ba wanda zai ce Allah ya kawo, ni za a zaga, dole in tada inji cikin minti ɗaya. A da muna sayen esansi wajen 'yan ruwa-ruwa da araha, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan arahar ta tafi, a shekarar kuma aka yanke layin wutar da ke zuwa daga can muka yi watanni inji ne ke riƙe da mu. Na daure duk wannan ban ƙara ko tamma ba sai bana.

Kuma ku lissafa da kanku, mutum 60 a dala 20 jika 6 kenan, wannan ranar babban maci ne fa. Ranar da ƙananan ekif ke wasa mutum 9 za ka gani, uku daga ciki sun ce za su kawo gobe, biyu 'ya'yan maƙwabta ne ba ka iya korarsu. Lokacin hutun shampiyona kuwa Yuni da Yuli sai finafinai, haya ba ta san hutu ba.

Inda na yarda da kai shi ne rashin sanarwa, wannan kuskure ne, ni sati guda na rubuta a allo kafin in ƙara. Amma alaƙa kam akwai ta. Kamfanin tele na biyan masu shampiyona kuɗi mai yawa dan ya samu izinin nunawa, shi ya ɗora min, ni in ɗora maka, kai kuma ba ka da wanda za ka ɗora wa sai dai ka rage shayi. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ni da kai duk kuraye ne a nan.

Ɗalibi a Faransa

Yaya Ɗan Zango tambayarka ta yi, bari in ɗan sa baki dan na taɓa shiga irin layin da ɗan uwanka ya shiga, nan ma haka ne, ka zaɓi kujera ka ga farashi ɗaya, ka zo biya ka ga wani, wata rana har na fasa saboda haushi ba dan kuɗin ya fi ƙarfina ba.

Maganar kuɗin bukin, hujjarsu ita ce akwai kamfanin da ke riƙe da shafin saidawa, akwai banki da ke cire nasa a duk biyan da aka yi da kati, akwai na'urorin ƙofa. Duk gaskiya ne, amma mai shago ma yana biyan haya da wuta kuma ba ya ce maka sabulu dala 50, kuɗin miƙo maka dala 5. Abin da ya sa suke raba shi biyu shi ne dan farashin farko ya yi kyau a ido, sai ka ɓata awa guda a layi ka riga ka gaya wa abokai za ka, lokacin ne ƙarin ke fitowa, sun san ba za ka juya ba. Kamar kai da yaron ƙofa ne, saura minti 10 a fara. Kuma sau da yawa a kan kowane tike ake ɗora shi ba a kan ciniki ɗaya ba, uba da 'ya'ya uku ya biya sau huɗu alhali sau ɗaya ya danna. FIFA ma ta gano daɗin abin, a shafinta na sake saida tiken kofin duniya na 2026 ta ce kashi 15 cikin 100 za ta cira a wajen mai saidawa, ta kuma cire 15 a wajen mai saye. Ko dillalin shanu bai taɓa wannan mafarkin ba.

Sai babbar tambayar. Ka duba lissafin ekif ɗinka na kakar 2023 zuwa 2024, kuɗin da ya shigo wajen fam miliyan 662, na ranar wasa wato tike da abin da ya biyo shi miliyan 137, kusan kashi ɗaya cikin biyar kenan, sauran tele ne da talla. Premier League kuma ta saida izinin tele na cikin Ingila kaɗai fam biliyan 6.7 na shekara 4 daga 2025, ban da na waje da ku ke biya. Kenan ba da kuɗin ƙofa ake sayen 'yan wasa ba. Su kansu Man U da aka yi musu ca a kan fam 66 ɗin cewa suka yi kashi 97 na tikitin an riga an saida, kenan a kan ɗan ragowar kashi 3 suka cire wa yara da tsofaffi ragi. A 2024 ɗin kuma suka tsawaita wa koci Ten Hag kwantiragi a Yuli suka kore shi a Oktoba, suka ɗauko darakta Dan Ashworth ya yi wata 5 suka sallame shi, sallamar nan biyu ta ci fam miliyan 14 da rabi. Kuma an sallami ma'aikata 250. Kai ka faɗa min yaro nawa za a caja fam 66 kafin a cike wannan ramin.

Sun fake da dokar lokacin, wai ba a yarda ekif ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara 3 ba, an ga yadda aka cire wa Everton da Nottingham Forest maki. To ai dokar ba ta ce ka ƙara wa tsoho kuɗi ba, cewa ta yi ka daina ɓarna. Ni a ganina ainihin dalilin shi ne sun gano akwai wanda zai biya. Mai tiken shekara da ya gaji kujerar daga ubansa yana zuwa da cikinsa a ƙoshe ya yi waƙa ya tafi, baƙon da ya zo daga nesa sau ɗaya a rayuwa zai biya ko nawa ne ya sayi mayo ya sayi gyale ya ci abinci a ciki. Ɗan uwanka ma cikin waɗannan yake ko bai sani ba.

Ku kuma Man U taku ta daban ce, a 2005 iyalan Glazer suka saye ku wajen fam miliyan 790, yawancin kuɗin bashi ne kuma a wuyan ekif ɗin aka rataya shi, tun lokacin ake biyan kuɗin ruwa. Wasu magoya baya a shekarar suka fice suka kafa tasu, FC United of Manchester.

Tsohon gola

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya karanta min wannan magana, na ce ya rubuta min abin da zan faɗa, in kun ga kuskure nasa ne.

Na tsare gida a ekif ɗin unguwa shekaru da yawa, ba takalmi mai ƙusa ba safar hannu. Ina da rai Espoir ta garin nan ta ɗauki shampiyonan ƙasa a 1984, ku tambayi iyayenku yadda Damagaram ta kwana. A lokacin in ana wasa a istad masu shago na rufewa, yara na hawa katanga da itace, wanda ba ya da kuɗin shiga ya riƙe wa wani babba hannu ya wuce a matsayin ɗansa, mai tsaron ƙofa ya gani ya kau da kai. Ni kaina haka na fara shiga.

A watan Oktoban 2010 na hau kar tun asuba na yi kilomita wajen 900, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Yamai, dan in ga Mena, ekif ɗin ƙasarmu, da Masar a istad Seyni Kountché. Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere fa, 2006, 2008, 2010. Na iso tike ya ƙare a taga, sai a hannun wasu samari a waje na saya ninki biyu, na yi ta faɗa amma na biya. Da Moussa Maazou ya jefa ƙwallon nan na rungume wani mutum da ban taɓa gani ba har hulata ta ɓace, muka ci 1 da 0, daga nan hanya ta buɗe muka je CAN ta 2012 karon farko, muka koma 2013. Har yau ban yi nadamar ninki biyun ba.

Abin da ke ba ni mamaki da ku shi ne kun san farashin kujera a Manchester har da canjinsa a sefa, in na tambaye ku nawa ake shiga istad ɗin garinku rabinku ba ku sani ba. Su can suna kuka an cika wuri an kore su da tsada, mu nan wurin na nan a buɗe ba kowa. Mena ma a 2024 wasanta na gida da Gana a Berkane ta Maroko aka yi shi, wanda ta ci Sudan 4 da 0 a Lome aka yi, ko kana da kuɗin tike ina kuɗin jirgi. Ban ce ku daina kallon na Turai ba, ni ma ina kallo a wayar yaron nan. Amma dala 30 ɗin da kuke faɗa a kanta, in sau ɗaya a wata ta shiga ƙofar istad ɗinmu, wani yaro zai samu takalmi.

Maman Biyu

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi gaskiya. Ni ba na kallo amma ni ke biya, yarana biyu ɗaya Barça ɗaya Real, duk Asabar da Lahadi sai an zo an tsaya min a kai, yanzu da ƙarin nan dala 60 kenan a maci ɗaya ban da na gyaɗa. Sannan kowace shekara wai an canja mayo, na bara ya zama tsoho alhali ko yagewa bai yi ba, sai na shiga kasuwar Dole neman sabo, na ma gode Allah na kanti ne ba na asali ba dan an ce na asalin ya kai jika 60 ko fi. Malam mai gidan kallo ku dai ku duba yara dan Allah, kar ku zama irin na Ingilan da ake faɗa.

YNWA Birni

Ɗalibi ya yi bayani amma ya bar wuri mafi daɗi. 6 ga Fabrairu 2016, Anfield, Liverpool da Sunderland. Masu ekif sun ce tike mafi tsada zai koma fam 77, sai mutane wajen dubu 10 suka miƙe a minti na 77 daidai suka fice, mu Liverpool muna ci 2 da 0 lokacin, aka tashi 2 da 2. Ba a yi sati ba masu ekif suka rubuto takardar ban haƙuri suka janye. A shekarar kuma aka ƙayyade tiken magoya bayan ekif ɗin da ta zo baƙunta a Premier League kar ya wuce fam 30. Super League ta Afrilun 2021, gasar da manyan ekif suka haɗa baki za su kafa wa kansu, kwana biyu ta yi ta rushe da mutane suka fito titi. A Jamus ma a 2024 ƙwallon tanis suka yi ta watsawa cikin fili ana tsaida wasa har aka fasa saida wani kason kuɗin tele ga masu zuba jari, su dama dokarsu ta 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun membobi. Abin da masu kuɗin nan ke tsoro ba zagi ba ne, kujera ba kowa a gaban kamara ita suke tsoro, dan ihun nan na istad shi suke saida wa tele, shi muke saye a nan.

Dan haka shawarata, Lahadi mu haɗu duk mu tashi a minti na 30 tunda dala 30 aka ce.

Mai gidan kallo, Sabon Gari

Hhhh ka tashi mana, ai ka riga ka biya a ƙofa, benci ma zai huta. Kuma in kun fita ina za ku, gidan kallon gaba shi ma dala 30 ne, mun yi magana da juna.

Ɗalibi a Faransa

To ka ji, sun yi magana da juna. Malam kai ma ka kafa taka Super League kenan.

Mai gidan kallo, Sabon Gari

Astagfirullah. To shi kenan na ji maganar Hajiya da ta Baba. A nawa gidan dai daga wannan satin yaran da ba su wuce firamare ba dala 20 kamar da, ƙananan maci kowa dala 20, manya dala 30, daren Champions dala 40 dan har kusan ƙarfe 11 inji ke aiki in an ɗauke. Na sauran gidajen ba ni da iko. Masu cewa za su kawo gobe kuma littafi na nan, wasu tun finalin 2022 nake binsu.

Ɗan Zango

Na gode kowa. Zan nuna wa megidan namu wannan ko zai yi koyi, in ya ƙi in hau kabu-kabu in zo Sabon Gari, ko da yake kuɗin moton ya fi dala 10 ɗin da nake gudu. Baba in akwai wasa a istad Lahadin nan ka sa jikanka ya rubuto ƙarfe nawa ne, ni zan zo in ɗauke ka. Blues har abada kai ma ka zo da kuɗinka a hannu, na ji an ce sunanka na cikin littafin.